Sunan 'Yar Fari a Gonar Kabewa

Tun da Raki ta bugo waya ta ce mu haɗu a gonar kabewa na san ba kabewar ce ta dame ta ba. Raki ƙanwata ce, ciki ɗaya, ni na goya ta, kuma tun tana rarrafe ba ta taɓa neman abu kai tsaye ba. Sai ta zagaya, ta yi dariya, ta kawo tsaraba, kafin ka farga abin yana hannunta, kai kuma kana yi mata godiya. Wannan karon 'yata take so.

"Yaya, gonar a tsakiya take daidai," in ji ta. "Ku taso daga Manchester, mu taso daga Birmingham, mu haɗu a hanya. Half-term ne, makarantu na hutu, yara su sha iska. In mun gama sai in wuce da Asama'u."

Haka take faɗin sunan, a sauƙaƙe, kamar mai cewa a miƙo mata gishiri.

Ni ban taɓa faɗinsa ba. Yarinyar 'yar farina ce, a gidanmu kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yabonsa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Ni ma 'yar fari ce. Innarmu har ta koma ga Allah "ke" take ce min, in kuma zancena take da wani sai ta ce "waccan". Ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba, don na san duk ranar da aka yanka kaza hantar tana ɓoye ƙarƙashin tuwona. Haka na taso, haka nake yi wa tawa. Shekararta tara, ko a wajen GP, likitan unguwa, kati nake miƙawa su karanta da kansu. Ƙanwarta Jamilatu kuwa, mai shekara uku, ina kiran sunanta har ya gundure ta, in ɗaga ta in cilla, ba wanda zai ce min kanzil.

Abin da ya ba Raki ƙofa shi ne yanke-yanken kuɗi da gwamnati ta sa a gaba a shekarun nan. Akwai wani wuri a unguwarmu ta Old Trafford inda ake riƙe yara bayan an tashi makaranta har iyaye su dawo daga aiki. Rana ɗaya aka liƙa takarda a ƙofa, wai council, ƙaramar hukuma ke nan, ba ta da halin ci gaba da shi. Ni ina aiki a gidan kula da tsofaffi, sai bayan magariba nake shigowa. Maigidan yana karatu da rana, yana gadi da dare. Maƙwabciyata Kaneng, 'yar Jos, Allah ya saka mata, ita ke riƙe min Jamilatu, amma ɗakinta ya cika da nata. Sai babbar ta koma yawo da mabuɗi a wuya, ta shigo gida ita kaɗai, ta kulle, ta zauna shiru don kada wani ya ji ya kai ƙara.

Raki ta ji labari. Shekararta takwas da aure, Allah bai kawo ba. Tana bincike a jami'a can Aston, ita da mijinta Jumare suna da gida a Sparkbrook da ɗaki guda ba kowa a ciki. Ta ce a ba ta riƙo. Ta fara da sati ɗaya na hutu, in yarinyar ta ji daɗi sai a sauya mata makaranta. Maigidan ya ce, "Ƙanwarki ce, ke za ki yanke." Ai ya san ya gudu ne ya bar ni. Wace uwa ce za ta buɗe baki ta ce ba ta iya rabuwa da 'yar fari? Ɗan fari shi ne ma wanda ake bayarwa. In na hana, na tallata wa duniya ke nan cewa ina son ta, kuma na hana ƙanwata da ba ta da ko ɗaya. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na dai haɗa wa yarinyar kayan sati ɗaya a jaka, ina cusa su kamar su suka yi min laifi.

Ranar Asabar muka hau tsohuwar motarmu mai tari muka kama hanyar kudu. Gari ya yi toka-toka, ganyen itatuwa ya koma ja da ruwan ɗorawa yana ta zuba. A baya yarinyar sai zumuɗi take, tana riƙe da wani zane da ta yi wa Antinta. Na leƙa ta madubi na ga mace ce da gyale tana tuƙa jar mota. Ni ba ni da lasisi, balle mota. Na ce wa maigidan ya rage gudu, alhali motar ko an roƙe ta ba ta gudu.

Gonar kuwa, abin dariya. Wai sai ka biya a ƙofa kafin ka shiga ka kalli kabewa! Kabewar da a garinmu ke hawa danga da kanta, awaki na tattaka ta, a nan an yanke ta an jera a fili cikin taɓo, an ba kowa baro yana turawa, Turawa na ta ɗaukar hoto kamar sun ga jaririn sarki. Ba ma ci za su yi ba. Fafe ta suke su zubar da cikin, su yanka mata ido da baki, su kunna kyandir a ciki. Na tsaya ina lissafin tukwanen taushe nawa ke kwance a filin nan za su tafi a banza, sai na ji ihu a bayana.

"Anti Rakiii!"

Jar motar ce ta shigo. Yarinyar ta kwasa da gudu, Raki ta durƙusa a cikin taɓon nan ba ta ko damu da abayarta ba, ta buɗe hannu biyu.

"Asama'una! Asama'un Anti! Kai, dubi yadda kika yi tsawo! Wa ya yi miki wannan kitso mai kyau?"

Ni na yi kitson. Da asuba na yi shi, tana zaune tsakanin ƙafafuna tana gyangyaɗi, kuma shi ne kaɗai lokacin da hannuna ke daɗewa a kanta ba tare da an ce komai ba. Amma yarinyar ba ta ma amsa ba, tana can ta cusa fuska a wuyan Raki. Na sunkuya ina ta gyara bel ɗin keken da nake tura Jamilatu a ciki, wanda ba abin da ya same shi.

Raki ta buɗe bayan mota ta fito da takalman roba masu tsawo, ruwan ƙwai, sababbi dal. Suka shiga ƙafar yarinyar cif. Ni da na haifa na kawo ta gona da takalmin makaranta.

"Ina kika san lambar ƙafarta?" na ce.

"Na tambaye ta a waya mana, Yaya. Ai kullum muna hira."

Kullum. A wayata kuma, da kuɗina.

Muka gaisa da Jumare, ya rusuna kamar yadda ya saba, don shi mutum ne mai kunya, yana ɗaukata kamar surukarsa. Shi da maigidan suka ja baya suka buɗe zancen da ba ya ƙare musu, na scholarship da mutanen Abuja. Mu muka shiga fili da baro.

Ni dai tunda an riga an biya, na ce ba zan fita hannu rabbana ba. Ina ɗaga kabewa ina ƙwanƙwasawa. Manyan nan masu sheƙi duk holoƙo ne, ruwa da zare, ko ka dafa ba za su ɗaure miya ba. Ina cikin haka sai ga yarinyar ta rungumo wata a ƙirji tana nishi, koriya-koriya, mai ƙuraje, mummuna. Ta wuce Raki. Na lura da wannan sarai, ta wuce Raki ta zo gabana.

"Mama, look! Duba wadda na samo."

Ina karɓa na ji nauyinta. Wallahi duk filin nan ba kamarta, irin mai tauri ce mai garɗi, wadda Innarmu za ta yi ta juyawa tana jinjina kai. Yarinyar tana da ido, kuma a wurina ta gado shi. Maganar ta taho har bakina. Sai na hango Jumare da maigidan sun matso, suna kallonmu.

"To," na ce. "Ajiye a baro. Ki daina ɓata rigarki."

Ba ta ajiye ba. Ta karɓe abarta ta kai wa Raki, ita kuwa Raki ta saki shewa kamar an ce mata ta ci jarrabawa. Ta ce ba ta taɓa ganin kabewa mai kyan wannan ba, ta sa ta ɗora a ka, ta ɗauki hoto, ta sa ta rungume, ta ɗauki hoto, suka haɗa kumatu suka ɗauka tare. Raki da ko taushe ba ta iya ba! Rakin da in ta yi miya sai ka nemi kabewar da cokali ka rasa. Ba ta san me ya sa kabewar ta yi kyau ba, amma ita ce ta samu damar faɗa. Ba zan ɓoye ba, kishi ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa yi a kan namiji ba.

Da rana ta yi muka zauna a kan dammunan ciyawa da aka jera don zama. Na fito da masa da shayi a fulas, Raki ta je ta sayo wa yara koko mai zafi da wani farin abu na yawo a kai. Masata ta huce a leda, ba wanda ya kalle ta sai Jumare, shi ma don kara. Yarinyar tana zaune a ƙasa ta jingina da gwiwar Raki, tana kankare taɓo daga jikin kabewarta da tsinke.

"Yaya," in ji Raki, murya ƙasa-ƙasa, "na je makarantar da ke bayan layinmu. Sun ce akwai gurbi a ajinsu. Ɗakin ma Jumare ya yi masa fenti. Amma kin yi shiru, ba ki ce komai ba."

Maza biyu suka daina magana. Kowa ya zuba min ido. Akwai amsar da ake bayarwa a irin wannan wuri, na ji ta a bakin Innarmu, na ji ta a bakin goggonninmu, ba sai na yi tunani ba ta fito da kanta, har da 'yar dariyar da ake haɗawa da ita.

"Me zan ce? Ai taki ce. Ɗauke ta mana, ni me zan yi da ita? Kin ma rage min hayaniya."

Raki ta fahimta, Jumare ya fahimta, har ya ce Allah ya bar zumunci. Duk wanda ya tashi a gida ya san wannan magana ba ta nufin abin da ta ce. Abin da na manta shi ne, wadda ke zaune a ƙasa ba a gida ta tashi ba. Hausarta ba ta kai ta mayar da magana doguwa ba, amma tana ji tsaf, kuma yadda aka faɗa haka take ɗauka. Tsinken ya tsaya a hannunta. Ba ta ɗago ba. Can ta miƙe ta ce wa babanta tana son shiga masara.

A gefen gonar akwai masara da aka shuka ta fi mutum tsayi, aka yanka hanyoyi a cikinta masu karkacewa, wai mutum ya shiga ya ɓata ya nemi mafita. Shi ma biya ake. Na ce ni ba zan ba da kuɗi don in ɓata ba, na zauna da Jamilatu. Raki ta ce ƙafarta ta gaji. Maza suka tafi da yarinyar, suna shiga na ji sun koma kan zancen Abuja.

Muka zauna ni da Raki, tana ta ba ni labarin labulen da ta saya, ni ina cewa "uhm". Iska ta fara kaɗawa da sanyi, yayyafi ya soma. Mutane suka fara tura barorinsu wajen biya. Can sai ga maza sun fito suna dariya, su biyu.

"Ina take?" in ji Raki.

Maigidan ya waiga. "Ba ta fito ba? Ai gaba ta yi, ta ce ta san hanya."

Aka ɗan jira. Aka zagaya ɗaya ƙofar. Aka duba wajen banɗaki, aka duba wajen motoci. Babu. Jumare ya koma cikin masarar da sauri, maigidan ya je ya kirawo wata ma'aikaciyar gonar, budurwa mai rigar nan ta masu aiki mai ƙyalli, da rediyo a hannu. Ta zo ta tsaya a gabanmu ta tambaya da Turanci, a natse, wace ce uwar, kuma yaya sunan yarinyar.

Ni ta kalla, don ni ce a gaba. Na buɗe baki. Shekara tara harshena bai taɓa bin wannan hanya ba, ga maigidan tsaye, sai kawai na ji kaina ya juya wajen Raki, kamar yadda nake yi kullum in an zo wurin.

"Asama'u," in ji Raki. "Asma. She's nine. Yellow wellies." Takalman robar nan ruwan ƙwai take nufi.

Budurwar ta juya gaba ɗaya ta bar ni. Ta dafa kafaɗar Raki, ta ce mata, "Don't worry, Mum," za a same ta yanzu. Raki ba ta gyara mata ba. Ban ce da gangan ta yi ba, hankalinta a tashe yake, hawaye na zuba. Amma ni ina tsaye da jakar masa a hannu kamar 'yar aikin da aka taho da ita, ana rarrashin wata a kan 'yar da na yi kwana biyu ina naƙudarta.

Na dangwara wa maigidan Jamilatu na faɗa cikin masarar.

Ciki duhu-duhu ne, ganye ya bushe yana ta ƙara a iska, taɓo na kama min takalmi. Ta ko'ina ina jin muryoyi. Ma'aikata na cewa "Asma!", maigidan daga waje yana kira, Raki na kira tana kuka. Ni kuwa ina tafe ina cewa, "Ke! Ke! Kina ina?" Ke wa? Duk macen da ke gonar nan ke ce. Na sha kwana na ci karo da bango na masara, na juyo, na sake shan wata na dawo inda na baro. Gyalena ya maƙale na fizge shi ya yage. Sai na jiyo ƙarar manyan motoci, ashe babbar hanya tana nan kusa da bayan gonar. Na tuna da wani kududdufi da na gani muna shigowa, an kewaye shi da igiya guda ɗaya tal. Na tuna abin da na faɗa a kan dammin ciyawa, da yadda tsinken nan ya tsaya.

Ban san lokacin da ya fito ba. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na dai ji wata murya mai kaushi ta tsaga gonar da sunan, tun daga farkonsa har ƙarshe, yadda liman ya faɗe shi ranar suna ina ɗaki ina toshe kunne don kunya. Na sake. Na sake. Maƙogwarona ya yi zafi, ina gudu ina ture kara ina kira, ba ruwana da wanda ke ji. Duk sauran muryoyin suka yi tsit, tawa kaɗai ta rage.

Takalmin na fara hangowa. Tana zaune a wani lungu inda hanya ta ƙare, ta kutsa tsakanin kara, ta rungume gwiwoyinta. Ba kuka take ba. Wurin nan na wuce shi ya fi sau ɗaya. Na zube a gabanta na fizgo ta, na laluba kanta, hannayenta, ƙafafunta, sannan na ƙanƙame ta yadda ban yi ba tun tana cikin zani. Ba mai ganinmu sai masara. Jikinta sanyi ƙalau, gashinta na ƙanshin man da na shafa mata da asuba.

Da numfashina ya dawo sai faɗa ya zo. "Ba ki ji ana kiranki ba? Kurma ce ke? Kin san yadda kika ɗaga wa mutane hankali?"

"Na ji," ta ce a cikin wuyana. Sauran da Turancinta na Manchester ta faɗa, a hankali. Ta ce ta ji Anti, ta ji Baba, ta ji matar gonar, ba ta son fitowa. Ta ce da ta ji muryata ta so ta tashi. "Amma sai na zauna. I wanted you to say it again."

Na goge mata taɓo a kumatu da yagaggen gyalena, na riƙe hannunta muka nemi hanya. Ita ta nuna min mafitar, ashe ta san ta tun farko.

Muna fitowa Raki ta yi tsalle ta rungume ta tana kuka tana dariya. Na saki hannun, don mutane. Budurwar gonar ta yi magana a rediyonta, ta kalle ni ta kalli Raki, ta rasa wa za ta yi wa murna. Maigidan yana ta kallon sama kamar mai duban hadari. Jumare kuwa ya sunkuyar da kai ƙasa, ya kasa haɗa ido da ni, a nan na tabbatar kowa ya ji, tun daga ƙofar gona har wajen motoci.

Raki ta share hawaye ta dube ni, ta yi 'yar dariyar nan tata.

"Kai, Yaya! Ashe dai kin san sunan. Da Inna na da rai yau da ta ji abin kunya."

Wasa take, na sani. Wasan da kowace ƙanwa za ta yi ne, da a gida ne ma har waƙa za a yi min a wajen biki. Amma kunya ta sauko min tun daga ka har ƙafa, na ji kamar na fito tsakar kasuwa ba zani. Na ja gyale na rufe rabin fuska, na ce mata ta kiyaye ni, na wuce gaba da keken Jamilatu.

A wajen motoci yayyafi ya ƙaru. Tamu da tasu suna jere, tsohuwa da ja. Maigidan ya buɗe bayan tamu don a sa keke, ga jakar kayan sati ɗaya a ciki. Raki ta gan ta, ta gan ni, ba ta taɓa ta ba. Ta yi tsaye da mabuɗi a hannu, kuma a karon farko a rayuwarta na ga ba ta san ko abin zai zo hannunta ba. Na ji daɗin ganin hakan, Allah ya yafe min.

Yarinyar ta zo ta tsaya a gabana da kabewarta a ƙirji. Ta ɗago kai ta dube ni ido cikin ido, abin da na sha hana ta.

"Mama, ki faɗa yanzu."

"In faɗi me?"

"Sunana." Ta haɗa Hausarta da kyar, don ta tabbatar na ji. "Yanzu da ban ɓata ba."

Maigidan na riƙe da murfin mota, Jumare na tsaye a bayan matarsa, Raki ta kafe ni da ido. Na san abin da yarinyar ke tambaya, na san kuma abin da zai biyo baya in na faɗa da in ban faɗa ba. Sunan yana nan a bakina, da ɗuminsa, ban daɗe da ajiye shi ba. In da mu biyu ne, in da cikin masarar ne. Na dubi Jumare, ya yi sauri ya kau da kai don ya ba ni wuri, wannan kau da kan nasa kuwa shi ya ƙarasa ni. Na ji Innarmu tsaye a bayana.

"Ke," na ce, "ruwa ake yi. Ja zif ɗin rigarki."

Ta ɗan tsaya. Sannan ta ajiye kabewar a ƙasa, ta ja zif ɗin har wuya, kamar yadda aka ce mata. Ta zagaya bayan motarmu ta jawo jakar da kanta, tana rinjayarta, ta kai bayan jar motar. Ta sumbaci Jamilatu, ta rungume babanta. Ni ta ce min, "Bye, Mama," daga inda take.

"Yaya, sati ɗaya ne fa kawai," in ji Raki a hankali. Ba ta iya kallona ba.

"Allah ya kiyaye hanya," na ce.

Suka shiga. Ina tsaye ruwa na dukana, ina kallonsu ta gilashi. Raki ta tayar da mota, sannan ta waiga baya ta yi wa yarinyar magana. Ban ji muryarta ba, amma na ga bakinta, na kuma san abin da ya fara fitowa, don yanzu na san yadda baki ke yi in zai faɗe shi. Ba wani abu za ta gaya mata ba. Cewa kawai take ta ɗaura bel.